Jini Ba Ya Mantuwa

Duk sa'ad da hunturu ya sauko Unguwar Rimi, hazo ya kwanta a kan kogin Kaduna har ba a hango tsallake, ƙanena nake tunawa. Lokacin ne ciwonsa ke tashi. Cikin dare sai ya fara nishi ƙasa-ƙasa don kada ya tashe mu, can abin ya ci ƙarfinsa ya fashe da kuka, yana cewa ana sara masa ƙashi da gatari. Inna ta hura gawayi a kasko, ta narka man shanu tana mulke masa gwiwoyi da ƙugu. Baba kuwa sai ya zauna bakin ƙofa da carbi, don iyakar abin da ke hannunsa ke nan. Kafin gari ya waye idanun yaron sun koma kamar garin ɗorawa.

Masu zuwa dubiya kowa da nasa bayanin. Wannan ta ce shawara ce, waccan ta ce amosani. Gwaggonmu, yayar Baba, ita ta ja Inna gefe ta ce mata wabi ne, tunda tsakanina da shi an riga an binne biyu. A lokacin irin waɗannan yara ake laƙaba wa sunaye kamar Ajuji da Ayashe, wai ko mutuwa ta raina su ta wuce. Ko ma mene ne, a kan uwa laifin yake sauka: cikinta ne ba ya riƙe 'ya'ya, ko nononta ne ba shi da kyau, ko danginsu ne ke da abin. Ban taɓa jin wanda ya dubi ɓangaren Baba ba. Yana shekara 9 ya rasu. A kwanciyarsa ta ƙarshe wani likita ya rubuta haruffa biyu a katin asibiti, SS, ya ce ciwon jini ne. Inna ta ninke katin ta jefa cikin adaka, ba wanda ya sake waiwayarsa.

Waɗannan haruffa biyu su suka ja ni zuwa aikin da na tsufa a cikinsa.

Farkon shekarun 1980 na fara aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, kuma jinin da na soma gwadawa nawa ne. Ɗigo ɗaya ake sawa a kan ɗan gilashi, a haɗa da wani ruwan magani mai zuƙe iskar da ke cikinsa, a rufe da wani gilashin, a liƙe gefunan da basilin, sannan a jira. Da na leƙa madubin ƙara girma, sai na ga ƙwayoyin jinina, waɗanda ɗazu suke zagayayyu kamar waina a tanda, sun fara lanƙwashewa suna tsini kamar lauje. Da sunan lauje Turawa suka kira cutar a harshensu, mu kuma muka karɓa muka ce sikila. Gwaji na biyu, wanda ake sa jini a kan siririyar takarda a bi ta da wutar lantarki, sai da na yi shi sau uku, don wuta na ɗaukewa kafin layukan su rabu. Da suka rabu, biyu na gani: A da S. Ni ma ina ɗauke da abin da ya kashe ƙanena, rabi ne kawai ya zo mini.

Ƙwayar jini mai lafiya takan yi kwana 120 tana yawo a jiki. Ta mai SS ba ta wuce kwana 10 zuwa 20, ga shi idan ta lanƙwashe sai ta maƙale a ƙananan hanyoyin jini, naman da ke gaba ya rasa iska. Saran gatarin da yaron ke faɗi ke nan. Sanyi da zazzaɓi da ƙarancin ruwa a jiki su ke tayar da shi, shi ya sa hunturu ya zame mana lokacin fargaba. Tun 1910 wani likita a Chicago, James Herrick, ya bayyana siffar waɗannan ƙwayoyi, kuma kafin 1960 Vernon Ingram ya nuna cewa duk wannan azaba daga canjin tubali guda take a cikin sinadarin da ke ɗaukar iska a jini. An san wannan tun ba a haifi ƙanena ba. Labarin ne bai iso zaurenmu ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne: me ya sa abu mai kisa haka ya yawaita a cikinmu, har kusan mutum 1 cikin 4 a Najeriya ke ɗauke da shi? Amsar ba daga nesa na same ta ba. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi wani babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, wadda a lokacin ke cikin jihar Kano, yanzu kuwa Jigawa. Farfesa Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsa suka duba jinin mutanen, suka fitar da sakamakon a 1979. Jarirai kusan 2 cikin 100 ake haifa da SS, amma a cikin manya da ƙyar ake samun mai shi: ƙasa ta rufe su tun suna ƙanana. Masu AS kuwa sai aka ga kasonsu ya fi yawa a cikin waɗanda suka girma fiye da cikin jarirai, alamar zazzaɓi ya fi ɗaukar 'yan uwansu masu AA. Abin da Anthony Allison ya faɗa tun 1954 a Gabashin Afirka ke nan: mai AS yana da garkuwa daga zazzaɓi mai tsanani. Wato harafin S sulke ne idan ɗaya ka gada, idan kuwa biyu ne sai sulken ya shaƙe mai shi. Ranar da na fahimci haka na daina kallonsa a matsayin la'ana. Tabon yaƙi ne, yaƙin da kakanninmu suka yi da sauro a bakin fadamu da kududdufai, kuma da ba su ci shi ba da ba mu zo duniya ba.

Sai zamani ya juya. A 1990 aka ƙaddamar da aikin karanta kundin halittar ɗan Adam gaba ɗayansa, haruffa kusan biliyan 3 da aka jera daga baƙaƙe huɗu kacal, A da C da G da T. An kammala a 2003, bayan an kashe dala wajen biliyan 3. Yau da 'yan ɗaruruwan daloli ake karanta na mutum guda. Mu da muka saba da gilashi da basilin sai ga mu gaban kwamfuta muna koyon lissafi da furfura a gemu. Na ga ranar da aka nuna mini ainihin wurin a allo: harafi ɗaya, A ya koma T, a cikin biliyan 3. Na daɗe ina kallonsa. Ƙanƙantarsa ce ta ba ni tsoro.

Sai dai kundin da aka ce na ɗan Adam ne, yawancin binciken da aka gina a kansa na Turawa ne. Da aka tashi sa Afirka a aikin HapMap a 2002, mutum 90 aka ɗauka daga Yarbawan Ibadan, suka zama kamar su ne wakilan nahiyar a dubban takardun bincike. Daga baya aka ƙara da Esan na Edo da Mende na Saliyo da wasu na Gambiya da Kenya. Bahaushe, mai harshen da miliyoyin mutane ke yi daga Agadas zuwa Kumasi, babu shi a jerin. Alhali nan Afirka ne ɗan Adam ya fi daɗewa, nan ne kuma bambancin ƙwayoyin gado ya fi yawa. Sauran mutanen duniya reshe ne da ya fita daga wannan kututture. Cikin waɗanda suka dage sai an gyara wannan akwai Charles Rotimi, haifaffen birnin Benin da ke aiki a cibiyar binciken lafiya ta Amurka. Ya kasance cikin jagororin shirin H3Africa da aka sanar a 2010, wanda manufarsa ita ce 'yan Afirka su riƙa jagorantar binciken jinin mutanensu, a kuma ajiye samfuran a gida. Ɗaya daga cikin rumbunan yana Abuja. A 2020 masanan shirin suka karanta kundin mutum 426 daga ƙabilu 50, har da Berom na Filato, suka tsinci bambance-bambance sama da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. Ashe ba rijiyar ce ta ƙafe ba, guga ne ba a zura ba.

Shi dai Rotimi, tare da Daniel Shriner, ya fitar da wani bincike a 2018 da ya sa na kwana ina juyi. Da can ana koya mana cewa harafin S ya ɓullo sau da yawa a wurare daban-daban, har aka sa wa nau'o'insa sunayen Senegal da Benin da Kamaru da sauransu. Su kuwa lissafinsu ya nuna sau ɗaya ya faru, a jikin mutum ɗaya, shekara wajen 7,300 da suka wuce, zamanin da Sahara take kore shar da tafkuna da ciyayi. Idan haka ne, duk mai S a duniya, na Kaduna da na Legas, na Jamaika da na gabashin Saudiyya da na Indiya, jikan wannan mutum ne. Ni da ƙanena muna cikinsu.

Ba sauro kaɗai ya bar tambarinsa a jikinmu ba. A nan unguwarmu, kan Titin Surame, akwai cibiyar binciken ciwon barci da sammore, wadda aka kafa a 1947 don Afirka ta Yamma kafin ta zama ta Najeriya. Muna yara gidan ƙuda muke ce mata, muna dariya da aka ce mana wai har kiwon ƙudan tsando ake yi a ciki. Ba mu san irin ɓarnar da ƙudan ya yi ba. A shekarun 1930 ciwon barci ya addabi ƙasar Zazzau har sai da aka sare kurmin bakin rafuka a yankin Anchau, aka tashi ƙauyuka, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. To a 2010 sai masana a Amurka, suna neman dalilin da ya sa ciwon ƙoda ya fi kama baƙaƙen fatar ƙasar, suka gano wasu sauye-sauye biyu a wata ƙwayar gado mai suna APOL1. Asalinsu Afirka ne, sun tsallaka teku a jikin bayi, kuma suna taimaka wa jini wajen yaƙar ƙwayar ciwon barci. Wanda ya gaji biyu kuwa, ƙodarsa na cikin haɗari. A 2024 wani bincike kan mutum sama da 8,000 a Gana da Najeriya ya tabbatar da haka a gida. Labarin sikila ne ya sake dawowa da wata riga. Yanzu idan na bi ta Titin Surame ba na dariya. Ina ganin ƙudan da ke cikin ginin da layin masu wankin ƙoda a asibiti igiya ɗaya ta ɗaure su.

Da mutane suka ji irin aikina, tambayar da ta fi zuwa mini a wurin ɗaurin aure ko zaman makoki ba ta cuta ba ce. "Likita, don Allah duba mana, mu daga ina muke?" Wani so yake a tabbatar masa Bayajidda daga Bagadaza ya zo, wani Yaman yake hange, wani Misira. Akwai abin da jini ke faɗi. A 2010 Fulvio Cruciani da abokansa sun nuna cewa wata alama da ake gada daga uba zuwa ɗa, R-V88, ta yawaita a cikin masu harsunan Cadi na kewayen Tafkin Cadi, dangin harsunan da Hausa ke ciki tare da Bolanci da Ngizim da Margi. Fulani da yawa kuma suna ɗauke da sauyin da ke sa babba ya sha madara ɗanya ba ta ɓata masa ciki ba, irin wanda ake samu a Arewacin Afirka da Turai. Saniya ce ta rubuta wannan a jikinsu. Amma nakan ce wa mai tambaya ya ƙirga: iyaye 2, kakanni 4, iyayensu 8. Kafin ka koma baya hawa 10 kana da gurbin kakanni 1,024. Alamar uba labarin mutum ɗaya tak take ba ka daga cikinsu. Sauran 1,023 fa, waɗanda galibinsu ba wanda ya riƙe sunansu?

Hausa ba ta taɓa zama jini ɗaya ba. Kasuwa ce da gari da harshe. Wangarawa sun shigo Kano tun zamanin Sarki Yaji, Barebari da Buzaye da Nufawa da Larabawan Gadamas duk sun zo sun zauna, jikokinsu yau ba su da wani harshe sai Hausa. Kaduna ma da Turawa suka mai da ita hedkwatar Arewa a 1917, Gbagyi suka tarar a wurin, sauranmu duk zuwa muka yi. Garin nan ya sha zubar da jini a kan wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo. Ni kuwa da na shekara 40 ina duba jinin, ban taɓa ɗaga kwalba na gane ta masallaci ce ko ta coci ba. Abin da na gani a ciki sauro ne da ƙuda da fari da nono, wato wahalar da aka sha tare.

Darasin da ya fi kowanne shiga jikina kuwa ba a ɗakin gwaji na same shi ba. Mun je wani ƙauye ɗibar jini, mun yi sallama da mai gari, an shimfiɗa mana tabarma gindin tsamiya. Na karanta takardar neman yarda da Hausa, na bayyana komai. Mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, wanda ya kai ga shari'a da biyan diyya, kuma ƙurarsa na cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Don haka na shirya wa tambayoyi masu zafi. Wani dattijo da ke gefe yana ɓare goro ya bari sai da kowa ya gama.

"Malam, ba mu ƙi ba," ya ce. "Tun ina saurayi ake zuwa ɗibar jinin nan. Na ba Bature, na ba Baƙi. Abu ɗaya nake tambaya: in kun gano abin da kuke nema, wa zai dawo ya gaya mana?"

Na buɗe baki na rasa ta cewa. Na san takardun da aka rubuta da jinin irinsu, da Turanci, a mujallun da ko jami'o'inmu ba sa iya saye. Na san waɗanda suka zama farfesoshi da shi, har da ni da nake neman zama. Shi kuwa ko sakamakon gwajinsa ba a taɓa miƙa masa ba.

Ba zan ce ba a ci gaba ba. Yau a Unguwar Rimi kafin a sa rana sai an tambayi takardar jinotayif, limamai da yawa ba sa ɗaura aure sai sun gani, kuma a 2024 jihar Kano ta mai da gwajin kafin aure doka. Yarinyar da ba ta gama sakandare ba ta san AS da AS akwai magana. Masu sikila da a da galibinsu ba sa kai shekara 5, yanzu ga su da digiri da 'ya'ya, albarkacin abubuwa masu sauƙi: gwaji tun ana jariri, rigakafi, gidan sauro, yawan shan ruwa, da magunguna irin su hydroxyurea. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da Casgevy, maganin da ke gyara ƙwayoyin gadon majiyyaci, amma kuɗinsa dala miliyan 2.2 ne ga mutum guda, a duniyar da Najeriya ke haifar jarirai masu sikila wajen 150,000 duk shekara, fiye da kowace ƙasa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Sanin ma rabi ya iso. Kwanaki 'yar ƙanwata ta zo mini da takardun jinotayif biyu, duka AS, ido ya kumbura. "Kawu, an ce wai ɗa na huɗu ne kawai zai zo da shi. In muka tsaya a uku fa?" Na ce mata a'a, 'yata, kowane ciki ƙuri'a ce sabuwa, ɗaya cikin huɗu, yana iya faɗawa kan na fari, yana iya faɗawa kan duka. Ban yanke mata hukunci ba, na dai ba ta labarin kawunta da ba ta taɓa gani ba. Na kuma ga yadda ake gudun mai AS kamar mai kuturta, alhali lafiyarta ƙalau, na ga mai SS da aka hana aure ko da mai AA ne. Gorin da ake yi wa mai wabi bai mutu ba, haruffan boko ya koya.

Daren da muka dawo daga ƙauyen nan ban yi barci ba, don tambayar dattijon ta bi ni har gida ta nuna mini kaina. Shekara 30 ke nan da sanin abin da ya kashe ƙanena, na faɗa wa ɗalibai, na faɗa a taruka har ƙasashen waje, amma ban taɓa faɗa wa Inna ba. Ni ɗan fari ne. Ko sunana ba ta kamawa, balle mu zauna zancen haihuwarta. Kunya ta hana ni, ita kuwa tana nan da nauyin da aka ɗora mata tun tana matashiya.

Da safe na same ta a tsakar gida tana shan hantsi. Na durƙusa na gaishe ta, na roƙi ta ba ni katin nan na cikin adaka. Ya yi ja, ya kusa rabuwa a wurin ninkin. Na nuna mata haruffan biyu.

"Inna, kin ga su biyu ne. Ɗaya naki ne, ɗaya na Baba. Da na mutum ɗaya ne, da bai yi ciwon ba. Ni ma ina da guda. Kuma wannan gudan shi ya tsare iyayenku da kakanninku daga zazzaɓi har aka haife ku."

Ta karɓi katin ta juya shi, duk da ba ta karatun boko. Ta daɗe ba ta ce komai ba, tana kallon wajen da kaskon gawayi yake zama a da.

"Har da na Malam?" ta ce.

"Har da nasa, Inna. Daidai wa daida."

Ta goge ido da bakin mayafi, sannan ta yi wata 'yar dariya da ban taɓa jin irinta a bakinta ba.

"Allah sarki. Ina ma gwaggonku na da rai." Ta miƙo mini katin. "Kai kuma, tun yaushe ka sani?"